"For", "with" ko "to": wa aka bar wa saƙon, kuma a hannun wa yake?

Sabuwar Sakatariya:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Don Allah malamai a taimaka min, kaina ya ɗaure. Wata biyu ke nan da na fara aiki a teburin karɓar baƙi. Jiya aka ce in rubuta 'yar sanarwa da za a ajiye a gabana saboda masu zuwa neman manaja idan ba ya nan. Sai na rubuta "Please leave a message to the manager". Manajan ya zo ya gani, bai ce uffan ba, ya zaro biro ya soke "to" ya sa "for". Ko awa ɗaya ba a yi ba wata da ta riga ni fara aiki ta leƙo ta ce ai daga ni har shi mun yi kuskure, "with" ake cewa, haka take ji a bakin Turawa. Takarda ɗaya, kalma uku. Wacce ce daidai? Ga kuma gaisuwar da zan naɗa a wayar ofis, ita ma ban sani ba ko "on" zan ce ko "in" ko "at". Ni dai ba na son in ƙara jin kunya.

Ɗan Auta:
Wa alaikumus salam Anti. Mai biyan albashi ai shi ya fi kowa iya Turanci, ki bar masa "for" ɗinsa ki zauna lafiya 😂 Amma kafin komai ki sake duba takardar, ki tabbata "message" kika rubuta ba "massage" ba, kada gobe ki ga mutane sun yi layi za su yi wa manaja tausa.

Malamin Nahawu:
Wa alaikumus salam. Ɗan Auta, Allah ya shirye ka. 'Yata, manajanki ya yi daidai, abokiyar aikinki ma kalmar da ta kawo Turanci ce mai kyau, sai dai ba nan ne gurbinta ba. Ki ajiye Turancin tukuna, ki saurari Hausarki. Idan kika ce "na bar wa manaja saƙo", wane ne mai saƙon? Manaja. Idan kuma kika ce "na bar saƙo wajen sakatariya", ita sakatariyar ba nata ba ne, amana aka ba ta ta isar. To wannan bambancin shi ne tsakanin kalmomin biyu. "For" na nuna wanda aka yi saƙon dominsa. "With" na nuna wanda aka damƙa wa ya riƙe har mai shi ya zo. Da a ce kin bi shawarar abokiyar aikinki kin rubuta "leave a message with the manager", kin mayar da manaja ɗan aike ke nan, kuma ga shi ma ba ya nan balle a ba shi. Jimla ɗaya na iya ɗaukar duka biyun ba tare da sun yi karo ba: "Please leave a message for the manager with the receptionist." Saƙon na manaja, riƙon naki.

Sabuwar Sakatariya:
Allah ya saka da alheri Malam, wallahi yanzu na ga hasken abin. Ashe ni ce "with" ɗin.

Maman Biyu:
Malam ni fa a nan nake da tambaya, don kuskuren da ƙanwata ta yi ni ma shi zan yi. Muna cewa "send a message to the manager" kuma babu wanda ya taɓa gyara mu. Me ya sa da an canza "send" zuwa "leave" sai "to" ta zama laifi? Ai saƙon dai wajen mutum ɗaya za shi.

Malamin Nahawu:
Hajiya, tambayarki ita ce gindin maganar. Laifin ba na kanmu ba ne, Hausa ce ta saba mana da sauƙi. Mu "wa" ɗaya muke da ita, ko "ma" idan ta haɗu da wakilin suna: na aika masa, na nuna masa, na saya masa, na dafa masa, na bar masa. Bature ya raba wannan aikin gida biyu. Idan abin zai tashi daga hannunka ya tafi ya isa hannun wani, "to" yake sawa: give, send, pass, lend, show, duk "to" suke bi. Idan kuwa abin tanadinsa ka yi saboda wani, ko ya zo ko bai zo ba, sai ya sa "for": buy, make, cook, save, find. "Leave" a maganar saƙo tana cikin gida na biyu, domin saƙon da ka bari ba ya tafiya ko'ina. Kai ne ka tafi, shi yana nan zaune yana jiran mai shi.

Akwai kuma wani dalili da ya sa kunnen Bature ke tsayawa idan ya ji "leave" da "to" a jere da sunan mutum. Wannan haɗin ya riga ya yi aure a wani gidan. "She left the house to her son" ma'anarta ta rasu ta bar masa gidan gado. "Leave it to me" kuma ita ce bar ni da shi, ni zan ji da lamarin. Don haka "leave a message to the manager" za a gane nufinki, amma tana ɗan ƙamshin wasiyya.

Ɗan Auta:
Innalillahi, ashe Anti wasiyya take tara wa oga a teburi 😭

Tsohon Akawu:
Salamu alaikum. Na daɗe ina karatu a zauren nan ban sa baki ba, amma wannan fagena ne. Na yi shekaru ina ɗaga wayar ofis tun ana juya lamba da yatsa. A lokacinmu jimla biyu ake fara koya wa yaro kafin a bar shi ya taɓa waya: "Can I take a message?" da "Would you like to leave a message?" Mai kira shi ke "leave", kai mai ɗagawa kai ke "take". Akwai 'yar takarda da aka buga "While you were out" a samanta, kana cike sunan wanda ya kira, da lokaci, da abin da ya ce, ka ajiye a teburin maigida. Saman takardar "For" ne ko "To" sai sunan mai saƙo, ƙasa kuma sunanka kai da ka karɓa.

Malam ya yi bayani mai kyau, amma ni da kalma ɗaya nake koya wa yara: sallahu. Duk inda za ka ce ka bar sallahu wajen wane, "with" ce. Turawa ma suna da tsohuwar magana irin ta, "leave word with", ban sani ba ko yaran yanzu suna jin ta. Game da "to" kuwa, ni a wajena babu ita sam bayan "leave a message". Kuskure ne, a soke kawai.

Ɗan Jarida:
Baba, da girmanka, amma zan ɗan ja da kai, kuma zan ja da Malam ma. Na farko, kai da bakinka ka ce saman takardar wani lokaci "To" ake bugawa, ka ga ke nan kalmar ba haramtacciya ba ce a harkar saƙo. Na biyu, ga jimloli biyu a gaya min inda suka karye:

"He left a message to say he would be late."
"She left a message to future generations."

Na uku, wannan katangar da aka gina tsakanin "for" da "with" ba ta kai tsayin da ake faɗa ba. Duk mai karanta jaridun Amurka ya saba ganin irin "a message seeking comment was left with the company" ko "messages left with his lawyer were not returned". A jimla ta biyun nan lauyan ne ake nema, shi ake so ya kira ya yi magana. Ba ɗan aike ba ne. Kuma masu harshen ne suka rubuta, editoci suka duba suka wuce da shi. To mu su wa da za mu ce sun yi kuskure?

Tsohon Akawu:
Ɗana, takardar da na ambata ba jimla ba ce, fom ne. "To" ɗin da ke kanta irin ta bayan ambulan ce, ba ruwanta da "leave". Su kuma 'yan jaridarku sauri ke cin su, ba a ɗaukar nahawu a hannun mai gudun kada a rufe shafi.

Ɗan Jarida:
Baba an taɓa mu 😄 Amma ba ka amsa jimlolin biyu ba.

Malamin Nahawu:
Bari in shiga tsakani, don kowannenku na riƙe da wani yanki na gaskiya. Jimlolin Ɗan Jarida duka biyun lafiyarsu ƙalau, sai dai "to" ɗin da ke cikinsu ba ita muke shari'a da ita ba. A ta farko, "to say" ai "to" ce ta gaban aikatau, ma'anarta "don ya ce". Babu mutum a bayanta. A ta biyu kuma "to" ba ta rataye a jikin "left" ba, a jikin "message" take. Wato abin da aka bari sunansa "a message to future generations", kamar yadda ake cewa "a letter to the editor". Irin wannan na zuwa ne idan saƙon jawabi ne ga jama'a, ko kalaman ban kwana, abin da ke da nauyi. Ba a yin sa don a gaya wa manaja mai gyaran firinta ya zo bai same shi ba. Saboda haka Baba, "babu ita sam" ta yi tsauri. A teburin 'yarmu dai babu ita.

Maganar "with" ta jarida ita ce mai ɗan wuya. "Left with the company" ko "with his office" ba su karya ƙa'ida ba, domin kamfani da ofis ba kunne gare su ba, wani ne a ciki ya karɓa zai miƙa. Na lauya kuwa, sau da yawa ana neman lauyan ne a madadin wanda yake karewa, ka ga akwai ƙamshin sallahu a ciki. Amma na yarda da kai, akwai masu harshen da ke cewa "I left a message with him" suna nufin shi ɗin suka kira bai ɗaga ba suka bar masa. Ana faɗa, ana ganewa. Abin da ya sa ba zan koya wa ɗalibi haka ba shi ne jimlar na da fuska biyu, wanda ya ji ta bai san ko mutumin mai saƙo ne ko mai riƙo ba sai ya duba abin da ya gabata. "For" kuwa ba ta jawo wannan tambayar.

Ɗan Jarida:
Malam, a nan ma ban sallama ba. Ka ce "for" ba ta da fuska biyu. To idan na ce wa abokina "Can you leave a message for me?" me nake nufi? Ya bar min saƙo, ko ya je ya bar saƙo a madadina tunda ni ba zan samu zuwa ba?

Malamin Nahawu:
Ka kama ni, wannan gaskiya ne. "For" na ɗaukar ma'anar "a madadin". Hausa ma tana da irin wannan, "sayar min da shi" da "rubuta min wasiƙa", ka ga ta biyun ko ni za a rubuto wa ko ni za a taya rubutawa. Maganinta a Turanci shi ne a jefar da ƙaramar kalmar gaba ɗaya a ce "leave me a message", mutum ya zo kafin saƙo. Wannan ba ta da wata fassara sai ɗaya. Idan madadin ake nufi kuma a ce "on my behalf".

Maman Biyu:
To ni wannan ta fi min sauƙi wallahi. "Leave me a message", "leave him a message", shi ke nan ba ruwana da rigimar for da with. Kusan yadda muke jera ta a Hausa ma, bar min saƙo.

Tsohon Akawu:
Hajiya ta fi ku wayo duka.

Sabuwar Sakatariya:
Ina ta kwafewa a littafi. Amma iyayena an manta da rabin tambayata, maganar wayar ofis 🙏

Injiniyan Waya:
Ƙanwata bari in karɓi wannan, Malam ya huta ya gyara min in na kauce. Na'ura "on" take ɗauka: "on the answering machine", "on my voicemail", "on my phone". Wuri kuma "at": "at reception", "at the front desk", "at the office". "In" sai abin da ake ɗauka kamar akwati ne mai ciki: "in my inbox", "in the comments", "in the group chat". Mu duk "a" ɗaya muke sa musu, a waya, a ofis, a akwati, shi ya sa muke cakuɗa su. Wanda na fi ji a bakin mutanenmu shi ne "I left a message in your phone", saboda a ranmu saƙon a cikin wayar yake. Bature "on" zai ce.

Ni a ganina "on" ɗin nan gadon zamanin naɗar murya ne. Tun 1898 wani injiniya ɗan Denmak, Valdemar Poulsen, ya ƙera na'urar da ke naɗar murya a jikin siririyar wayar ƙarfe ta hanyar maganaɗisu, kuma ɗaukar maganar tarho na cikin abin da ya nufa da ita. Daga baya aka koma kaset. Murya a kan tef ake ɗora ta, "on tape", sai kalmar ta bi na'urar har zuwa yau da babu tef ɗin. Kafin na'urorin su yaɗu kuma, likitoci da 'yan kasuwa a Amurka da Ingila na biyan wasu kamfanoni da ke da ma'aikata masu ɗaga waya a madadinsu su rubuta saƙo. Shi ya sa ake cewa "leave a message with my answering service" amma "on my answering machine". Na farkon mutum ne, na biyun ƙarfe.

Malamin Nahawu:
Injiniya babu abin gyarawa. Misalinka na ƙarshe ma ya fi duk nawa. Zan ƙara abu ɗaya: "I left a message on your desk" takarda ce a kan tebur, "at your desk" kuwa a wajen teburin ne, wataƙila ma wani aka samu a zaune aka gaya wa.

Ɗan Auta:
Yaya Injiniya, to matar nan da ke magana idan an kira ba a ɗaga ba fa? Wani lokaci in ji "after the tone", wani lokaci "at the tone". Wacce ce ta je makaranta a cikinsu?

Injiniyan Waya:
Duka biyun sun je. "At the tone, please record your message" ita ce ka fi ji a layukan Amurka, "please leave your message after the tone" kuma ta fi yawa a Ingila. Ɗaya na cewa da jin ƙarar ka fara, ɗaya na cewa bayan ƙarar. Mutum a gaisuwar wayarsa ta kansa yakan ce "after the beep", ita ta fi sakin jiki, "tone" ta fi kama da ofis. Wanda ba a cewa shi ne "on the tone" ko "in the tone", wannan na biyun ma sai a ɗauka maganar yanayin murya kake.

Tsohon Akawu:
Tunda an zo nan, akwai wata da ke ci min tuwo a ƙwarya. Yaran yanzu komai "drop". "Drop a message", "drop your number". Saƙo ƙwai ne da za a yar?

Ɗan Jarida:
Baba, "drop me a line" ta girme ni, ina jin ta girme ka ma, tun zamanin wasiƙa Turawa ke faɗinta. "Drop me a message" 'yarta ce, kuma masu harshen na amfani da ita a hira. Inda zan bi bayanka shi ne ba a naɗa ta a wayar ofis, kuma ba daidai take da "leave" ba. "Drop me a message" turo min ne, ko ina nan ko ba na nan. "Leave" sai an neme ka an rasa.

Tsohon Akawu:
To yau dai mun haɗu a abu ɗaya. A rubuta ranar.

Malamin Nahawu:
Wani ɗan abin sha'awa ga masu son tono, ba don jarrabawa ba. Ita wannan "with" da muke fassarawa da "tare da", a tsohon Turanci ma'anarta "gaba da" ce, kishiyantar juna. Ragowar wannan ma'anar na nan a "withstand" da "fight with". Kalmar da ke nufin "tare" a lokacin "mid" ce, wadda ta saura a "midwife", ungozoma, wato wadda ke tare da mace. Na kawo wannan ne saboda masu fassara ƙananan kalmomin nan ɗaya bayan ɗaya. Idan ka ce "with" kullum "da" ce, sai ka juya "leave it with him" ta koma "bar shi da shi", alhali nufin a bar shi a hannunsa ne.

Maman Biyu:
Malam ka tuna min. Na taɓa gaya wa malamar su 'yan biyu a waya "I left a message with you yesterday", ina nufin na turo mata. Sai ta ce "for whom?" Na yi shiru ina tunanin me ya kawo wannan tambayar, har na ɗan ji haushi. Sai yau na gane baiwar Allah tsammani take sallahu na ba ta ta manta.

Ɗan Jarida:
Hajiya kin ba Malam hujja a kaina kyauta. Amma ina nan kan bakana, da wata malamar ce da ta gane ba tare da tambaya ba.

Sabuwar Sakatariya:
Ga abin da na tsara, a duba min kafin in buga. Na teburi: "If the manager is not available, please leave a message for him with the receptionist." Na waya: "We are unable to take your call. Kindly leave us a message after the tone and we will call you back."

Malamin Nahawu:
Duka biyun sun yi. Ki buga.

Tsohon Akawu:
'Yata, ki mayar da "kindly" ɗin nan "please", ta fi taushi a kunne. Kuma ki ce su faɗi suna da lamba, "with your name and number". Mutane na zuba bayani na minti biyu su kashe ba su faɗi ko su wane ne ba, ni na sha wannan wahalar.

Ɗan Auta:
Tsaya Baba. "Leave us a message with your name and number"? Yanzu kuma suna da lamba ne za su riƙe sallahun? 🤔

Malamin Nahawu:
A'a, wannan "with" ɗin ta "haɗe da" ce, saƙo mai ɗauke da suna da lamba. Sai abin da ya biyo ta mutum ne ko ofis take zama ta riƙo. Amma tambayar ta yi ma'ana, yau ka yi abin kai.

Sabuwar Sakatariya:
Na naɗa, sau huɗu ina sakewa saboda dariyar tausa da ke taso min. Na gode ƙwarai iyayena da yayyena, Allah ya ƙara ilimi. Abokiyar aikin nawa ta karanta takardar ta ga "for" da "with" duk suna ciki, ta ce ai dama abin da take nufi ke nan. Ban ce mata komai ba.

Injiniyan Waya:
Ki kira layin da wayarki bayan an tashi ki ji yadda ta fita. Sau da yawa na'urar na yanke kalmar farko idan aka fara magana da wuri, sai mai kira ya ji "are unable to take your call".

Sabuwar Sakatariya:
Yaya na gwada yanzu. Ta cinye "We" ɗin kuwa. Gobe da safe zan sake, na biyar ke nan.